Mai Saukar Ungulu Yana Zuwa Biki, Ba Ya Zuwa Asibiti

Daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar fetur ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Mutane suka fito ɗibar man da ke malala a magudanar ruwa, wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka rasu, washegari aka yi wa da yawansu kabari ɗaya. Waɗanda suka fita da sauran numfashi, fata na saɓulewa a jikinsu, a mota aka yi ta jigilarsu zuwa Ringim da Haɗeja, waɗanda ƙunar ta fi yi wa tsanani aka wuce da su Kano da wasu garuruwa. Makonni aka yi adadin mamata na ƙaruwa, domin wasu a gadon asibiti suka cika. Ba a yi wata huɗu ba, ranar 18 ga Janairu, 2025, irin wannan masifa ta sake aukuwa a mahaɗar Dikko da ke Jihar Neja, mutum sama da 80 suka tafi.

Na saurari jawaban ta'aziyya, na kuma ji faɗan da aka yi wa talaka a kan kwasar mai. Faɗan ya dace, ban ce kada a yi ba. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne tambayar da ban ji wani mai mulki ya yi wa kansa ba: daga lokacin da wuta ta ci mutum zuwa lokacin da likitan ƙuna ya ɗora hannu a kansa, minti nawa aka yi? Ƙasashen da suka ɗauki ran ɗan Adam da muhimmanci wannan lissafin suke yi, kuma amsarsa ce ta sa suka hau saman asibitocinsu suka gina wa jirgi mai saukar ungulu wurin sauka. Mu a nan ba jirgin ne babu ba. Muna ganinsa yana tayar da ƙura a filin ƙwallon makarantar firamare ranar yaƙin neman zaɓe, muna ganinsa ranar ɗaurin auren 'yar wane da naɗin sarautar wane. Asibiti ne kawai ba ya zuwa, kuma ba don talaka yake tashi ba.

Yaƙi ne ya haifi wannan dabara. A watan Afrilun 1944, a dajin Burma, wani matashin sojan Amurka mai suna Carter Harman ya tuƙa ɗan ƙaramin jirgin Sikorsky ya kwaso wani matuƙi da sojojin Birtaniya uku da suka maƙale a bayan sansanin abokan gaba. Ɗaya bayan ɗaya ya ɗebo su, saboda jirgin ba ya iya ɗaukar fiye da fasinja guda. A yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, abin ya zama tsari. Ana ɗaure wanda ya ji rauni a kan wani gado da aka maƙala a gefen jirgin daga waje, a tashi da shi zuwa asibitin tanti da aka kafa kusa da bakin daga. A Yaƙin Duniya na Biyu, cikin sojojin Amurka ɗari da suka isa hannun likita da rauni, kusan huɗu da rabi ke mutuwa. A Koriya adadin ya sauko zuwa biyu da rabi. Da aka zo Biyetnam sai jirgin ya girma, aka shigar da majinyaci ciki tare da ma'aikacin jinya, ana yi masa ƙarin ruwa ana tsayar da jini tun yana sama.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ɗaukar hankalina. A 1966 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa a Amurka ta fitar da rahoto a kan mace-macen hatsari, inda ta fito fili ta nuna cewa wanda aka harba a fagen fama ya fi wanda mota ta buge a titin birni damar rayuwa. Mutane suka ji kunya, kuma kunyar ta yi aiki. A Baltimore akwai wani likitan tiyata, R Adams Cowley, da ya daɗe yana nanata cewa awar farko bayan mummunan rauni ita ke raba mai rai da gawa. Bai tsaya jiran a sayo sababbin jirage ba. Ya shawo kan 'yan sandan Jihar Maryland suka ba da nasu, a watan Maris na 1970 suka ɗauko mutum na farko daga kan babban titi zuwa asibitinsa. Har yau jiragen 'yan sandan jihar ne ke wannan aiki, ba a karɓar ko sisi daga hannun majinyaci, kuɗin na fitowa ne daga ɗan ƙarin da ake yi a kan rajistar mota. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

A 1970 ɗin dai, mutum sama da dubu 19 suka mutu a titunan Jamus ta Yamma. Ranar 1 ga Nuwamba, 1970, aka ajiye jirgi mai suna Christoph 1 a asibitin Harlaching da ke Munich, da likita a cikinsa, domin tunaninsu shi ne a kai likita wurin mai rauni kafin a kawo mai rauni wurin likita. Yau Jamus na da irin wannan tasha fiye da 80, kuma mutanen da ke mutuwa a titunan ƙasar baki ɗaya ba su kai dubu uku a shekara ba. Ɗamarar kujera da gyaran hanya da ingancin mota duk sun taka rawa, amma jirgin na cikin lissafin. A 1972 asibitin St. Anthony na Denver ya zama na farko a Amurka da ya ajiye jirgin kansa. Ingila ta makara, sai a 1987 yankin Cornwall ya fara, Landan ta bi a 1989, kuma akasarin kuɗin da ke tafiyar da jiragensu gudummawar jama'a ce. A tsakiyar Landan jirgin na sauka a kan hawa na 17 na asibitin Royal London, daga nan lifta ta sauko da majinyaci kai tsaye zuwa ɗakin ceto.

To me ya sa ake nacewa sai filin saukar ya kasance a jikin asibitin? Asibitin King's College da ke kudancin Landan ya ba da amsa. Kafin 2016 jirgi na sauka ne a wani lambun shaƙatawa da ke kusa, a sauke majinyaci, a loda shi a mota, a zagayo da shi. Wannan ɗan zagayen yakan ci har minti 25. Da suka gina fili a saman ginin sai ya koma kamar minti biyar. Saboda minti ashirin suka tara miliyoyin fam. Ga wanda saifarsa ta fashe, ko matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, minti ashirin ɗin nan su ne rayuwar gaba ɗaya. Ko zancen awa ɗaya da Cowley ya yi, masana sun nuna ba daidai minti sittin ba ne ga kowa: wani yana da awa uku, wani ko minti goma ba shi da su. Amma da Sakataren Tsaron Amurka Robert Gates ya ba da umarni a 2009 cewa duk sojan da ya ji mummunan rauni a Afganistan a kai shi hannun likitan tiyata cikin awa ɗaya, binciken da aka yi daga baya ya nuna mace-mace sun ragu sosai.

Filin kansa ba siminti da fenti kawai ba ne. Na asibiti ana gane shi daga sama da jan harafin H a tsakiyar farin gicciye. Dole a sa masa fitilu a kewaye don saukar dare, da jakar yadi a kan sanda da ke nuna wa matuƙi inda iska ta dosa. In a saman bene yake, sai an auna ginin zai iya ɗaukar nauyin jirgi idan ya dira da ƙarfi, a kewaye shi da raga don kada wani ya faɗo, a tanadi kumfar kashe gobara da masu sarrafa ta. Sai an share masa hanyar shigowa, babu dogon ƙarfen waya, babu wayar lantarki, babu tankin ruwa. Iskar da fukafukan jirgin ke bugowa ƙasa kaɗai tana kisa. A 2022, a wani asibiti da ke Plymouth a Ingila, iskar jirgin da ke sauka ta kayar da wata tsohuwa mai shekara 87 a wurin ajiye motoci, ta rasu. Sannan abin da ya fi duka nauyi yana ƙarƙashin filin ne: liftar da ba ta tsayawa, ɗakin tiyata a buɗe dare da rana, likitan tiyata da mai ba da maganin barci suna cikin asibitin ba a gida ba, na'urar hoton ƙwaƙwalwa tana aiki, ledojin jini na jira a firij.

Yanzu ga namu tsarin, yadda na gan shi da idona. Wani maƙwabcinmu ɗan acaɓa, tirela ta goge shi a kan hanyar shigowa gari gab da magariba. Babu wanda ya kira lambar gaggawa, domin babu wanda ya taɓa ganin ta amfani wani. Samari suka ciccibe shi, biyu a hannu biyu a ƙafa, wuya na lilo, suka sa shi a bayan a-kori-kura a kan buhunan da babu komai a ciki. Wani dattijo ya kwance rawaninsa aka ɗaure cinyar. Ƙanensa ya tallabe kansa a cinya yana ta maimaita masa kalmar shahada, ni kuma ina riƙe da ƙafar da ta karye ina jin ƙashi na motsi a tafin hannuna duk lokacin da muka faɗa rami. Asibitin farko suka leƙa suka ce ya fi ƙarfinsu, a yi gaba. A na biyu aka ce a yanki kati, a sayo safar hannu, a sayo ledar ruwa da allura, a nemo masu ba da jini. Muka bazu muna buga waya muna tambayar 'yan unguwa rukunin jininsu. Wata nas, Allah ya saka mata da alheri, da fitilar wayarta a baki ta nemo jijiya a hannunsa, tana cewa, "Malam, ku yi haƙuri, ku dai samo jinin nan da sauri." Kafin mutum na biyu ya gama ba da jini rawanin ya jiƙe sharkaf, mai rawanin kuma shi ya shafe masa ido. Aka ce kwana ya ƙare.

Na yi imani da ƙaddara, kuma na san babu mai wuce ranarsa. Amma ba zan yarda mai riƙe da amanar jama'a ya ɓuya a bayan wannan kalma ba, domin shi kansa ba ya zama ya jira ta. Ranar da ciwo ya taɓa shi ko ɗansa, nan take za a ga ashe ƙasar nan ta san jirgin ɗaukar marasa lafiya, ta san lambar wayar kamfanin, ta san inda kuɗin yake. A watan Nuwamban 2009 aka fita da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Jidda, a Fabrairun 2010 aka dawo da shi Abuja cikin dare a jirgin asibiti. A Oktoban 2012 gwamnan Taraba Danbaba Suntai ya yi hatsarin jirgi kusa da Yola, aka kai shi Abuja, daga nan sai Jamus. Shugaba Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana ɗari a jere yana jinya a Landan a 2017, kuma a can Allah ya karɓi ransa a watan Yulin 2025. Dukkansu sun riga mu gidan gaskiya, ba na yi wa kowa baƙin cikin neman lafiya. Abin da nake nunawa shi ne inda hancin jirgin yake kallo. A Munich da Baltimore yana tashi daga asibiti ya nufi inda ɗan ƙasa ya faɗi, ko wane ne shi, ya dawo da shi. A Nijeriya yana ɗaukar babban mutum ne ya fitar da shi daga ƙasar, ya raba shi da asibitin da shi ya kamata ya gyara. Muddin wannan ƙofar fita na buɗe, ba za su taɓa jin zafin abin da ke cikin ɗakin gaggawa ba.

Doka ma ta san da haka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 46, ta hana a kashe kuɗin gwamnati wajen kai jami'i jinya waje sai da shawarar kwamitin likitoci da amincewar minista. Sashe na 20 ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Dokar ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, ta ce kashi biyar cikin ɗari na wannan asusu na agajin gaggawa ne. A 2017 aka ƙara wata doka da ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Duk suna nan a rubuce. A Abuja ne shugabannin Afirka suka taru a 2001 suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, mu masu masauki shekara da shekaru muna yawo tsakanin huɗu da shida. A 2017 uwargidan shugaban ƙasa da bakinta ta faɗa cewa na'urar ɗaukar hoton ƙashi ba ta aiki a asibitin fadar gwamnati. Maganin da aka kawo shi ne sabon ɓangaren manya na naira biliyan 21 da aka buɗe a cikin fadar a 2023, mai gado 14. A 2024 kuma aka sayo wa shugaban ƙasa jirgin Airbus A330. Wanda duk zai ce mini babu kuɗi, ya fara bayyana mini waɗannan.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Daren 3 ga Disamba, 2023, jirgin soja maras matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi, ya kashe aƙalla mutum 85. Ƙauyen ba shi da nisa da Kaduna, garin da ke da sansanin sojan sama. Gwamnati ta iya isa Tudun Biri ta sama cikin dare ta yi ɓarna, amma waɗanda suka jikkata ta ƙasa aka kai su asibitin Barau Dikko. A Rann da ke Borno, ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin yaƙinmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, kuma jiragen Red Cross da na Majalisar Ɗinkin Duniya na cikin waɗanda suka yi ta jigilar masu rauni zuwa Maiduguri. Baƙi suka nuna mana a cikin ƙasarmu cewa ana iya ɗauko talaka daga bakin iyakar Kamaru a kai shi ɗakin tiyata a yini ɗaya. A 2017 ɗin dai, da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida aka karkatar da jirage zuwa Kaduna, nan da nan aka samar da masu saukar ungulu da ke jigilar masu hali tsakanin biranen biyu. Da buƙatar ta manya ce, ba a kafa kwamiti ba.

Na san abin da wasu likitoci da masana tattalin arziki za su ce, kuma ina girmama maganarsu. Za su ce ƙasar da asibitin ƙauyenta ba shi da ungozoma, ba shi da ruwa, ba shi da wuta, ba ta da hurumin zancen jirgi. Kuɗin da jirgi ɗaya zai ci a shekara zai sayi motocin asibiti masu yawa, ya horar da direbobi da ma'aikatan agaji, kuma su za su fi ceton rai. Gaskiya suka faɗa. Amurka kanta darasi ce a kan yadda abin ke lalacewa idan aka sakar wa 'yan kasuwa: a 2017 matsakaicin kuɗin ɗauko mutum ɗaya a jirgi ya haura dala dubu 36, iyalai suka riƙa farfaɗowa daga jinya suna tarar da bashin da ya fi ƙarfin gidansu. Gasa da gaggawa kuma suka jawo hatsari, har a watan Yunin 2008 jiragen asibiti biyu suka yi karo a sama suna shirin sauka a asibiti ɗaya a Flagstaff, mutum bakwai suka mutu. Mu kuma muna da namu cikas. In hazo ya sauko a Disamba da Janairu, manyan jirage ma kan kasa sauka a Kano, balle ƙarami da zai nemi fili a cikin daji.

Tsorona ma ya wuce nan. Ina tsoron ranar da wani gwamna zai ji wannan magana ya mayar da ita kwangila. A zuba siminti a bayan asibiti, a shafa jan fenti da fari, a gayyato 'yan jarida, a yi hayar jirgi na yini ɗaya ya sauka a yi tafi, bayan wata shida awaki na kwance a wurin. Yin fili a kan asibitin da babu jini, babu likitan tiyata da dare, daidai yake da a ɗaure bakin rijiya da siminti a rataya sabon guga alhali babu ruwa a ciki. Wanda aka sauke a irin wannan fili an dai gaggauta kai shi inda zai mutu ne.

Amma ban yarda a tsaya a nan a naɗe hannu ba, domin wannan hujja ta a fara da ƙasa tukuna ba a tuna ta sai in talaka ne zai hau. Kuma shekara nawa ana faɗinta, ƙasan ma ba a yi ba? Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa na ƙirga mutum sama da dubu biyar da ke mutuwa a titi duk shekara, waɗanda ta gani ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan dubu 82 suka mutu a Nijeriya a dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma kowa ya san Arewa ce ke ɗauke da mafi nauyin wannan kaya. Akwai wuraren da mota ba za ta taɓa wadatarwa ba. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna kusan kilomita 120 ne, hanyar da direba ke shiga da addu'a saboda ramuka da 'yan bindiga, jirgi kuwa cikin kusan rabin awa zai yanke ta. Rann takan yanke daga sauran Borno in damina ta yi nisa. Manomin da kububuwa ta sara a lungun da ke da nisa da asibitin Kaltungo jini yake ta zubarwa a hanya. Jihar Neja kaɗai ta fi Bavariya ta Jamus faɗi, Bavariya kuwa na da jiragen ceto fiye da goma. Faɗin ƙasa da munin hanya su ne dalilin da ya sa John Flynn ya kafa likitocin jirgi a ƙauyukan Ostireliya a 1928, su ne kuma suka sa wasu likitoci uku suka fara irinsa a Gabashin Afirka a 1957, aikin da ya zama Amref. Ba ƙasashen da suka gama gyara komai ba ne suka fara, waɗanda nisa ke kashe musu mutane ne.

A gida ma an gwada. Dakta Ola Orekunrin ta kafa Flying Doctors Nigeria bayan ƙanwarta 'yar shekara 12 mai ciwon sikila ta rasu ana neman jirgin da zai ɗauke ta ba a samu ba. Ta yi abin a yaba, amma kamfani ne, dole ya bi inda za a biya shi, wato kamfanonin mai da masu inshora. A Jihar Kaduna, tun 2022 ƙananan jirage marasa matuƙi na Zipline ke tashi daga Pambeguwa suna jefa magani da allurar rigakafi a asibitocin karkara. Ashe sararin samaniyarmu na iya yi wa mutumin ƙauye aiki in an ga dama.

Abin da nake nema ba ya buƙatar a sayo ko jirgi ɗaya a farko. A yi abin da Maryland ta yi a 1970. Rundunar sojan sama da 'yan sanda suna da masu saukar ungulu, suna da matuƙa, suna da makanikai, kuma da kuɗinmu aka saya. A keɓe wasu a rubuce don ɗaukar farar hula, a cire kujerun alfarma a sa gado da tukunyar iska, a haramta ba da su aron biki ko siyasa. A zaɓi manyan asibitocin koyarwa da ake tura musu marasa lafiya daga ko'ina, Malam Aminu Kano a Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, na Jos, na Gombe, a fara gyara abin da ke ƙasa: wuta da ba ta ɗaukewa a ɗakin tiyata, ma'ajiyar jini cike, sashen ƙuna na gaske, albashin da zai hana likitan tiyata tattara kayansa ya tafi Saudiyya ko Ingila. Sannan a yi filin, kusa da ƙofar ɗakin gaggawa yadda gadon turawa zai isa cikin minti biyu ko uku. A manyan asibitocin ƙananan hukumomi ba a buƙatar bene, shararren fili mai katanga da fitila ya isa. Lamba ɗaya ta gaggawa, 112 da aka riga aka ware, ta zama akwai mai ɗauka, kuma likita ne zai yanke wa za a aika wa mota, wa za a aika wa jirgi, bisa tsananin rauni da nisan wuri. Kuɗin kuwa a ɗora ɗan kaso a kan rajistar mota da lasisin tankokin man da ke ƙone mu, a haɗa da kason gaggawa da doka ta riga ta ware, kada a tambayi mai zubar da jini ko kwabo.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda na san za su fi ƙi. Duk tashin da jirgin ya yi a rubuta shi, a buga wa jama'a duk wata uku: daga wane gari aka ɗauko, wane irin rauni, minti nawa daga kira zuwa ɗakin tiyata, ya rayu ko ya rasu. Ba a buƙatar sunan kowa. A gefe guda kuma Ma'aikatar Lafiya ta buga adadin jami'an da aka fitar jinya waje da kuɗin gwamnati a ƙarƙashin sashe na 46, da abin da aka kashe a kan kowannensu. 'Yan majalisar da muka tura Abuja daga Jigawa da Neja da Kaduna da Borno suna da ikon neman waɗannan takardu biyu a zauren majalisa tun daga zama mai zuwa, kuma mu da muka zaɓe su muna da lambobin wayarsu.